Ɗaki da jirgi ke cinye albashi a Paris

Ƴan'uwa na Damagaram, masu bugo waya kuna juya albashina zuwa sefa, ku ji inda kuɗin ke tafiya. Gaskiya ne yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, amma haya da kuɗin jirgin ƙasa suna nan suna jira tun kafin albashin ya shigo hannu.

Neman ɗaki shi ya fi ƙona mini rai. Na je ganin wani a hawa na shida, can ƙarƙashin rufin bene, irin inda masu kuɗi a zamanin da suke kwantar da ƴan aikinsu. Murabba'in mita 9 ne, ƙasa da haka doka ta hana a ba da haya. In ka shimfiɗa katifa, sai ka ɗaga kujera kafin ka samu wurin sallaya. Makewayi yana waje a lungu, na mutanen hawan gaba ɗaya. Yuro 600 a wata, kusan jika 400. Duk da haka layi na tarar tun daga matakala, kowa rungume da dosiyen takardunsa, ɗalibai, ma'aikata, har da wata dattijuwa da ke tsayawa ta huta a kowane hawa. Ba mai ce wa wani sannu.

Da aka zo kaina, dillalin ko ɗaga kai bai yi ba. Ya duba takardun albashina na wata uku, ya ce abin da nake samu bai ninka hayar sau uku ba. Ya ce wa zai tsaya mini, mai albashi a Faransa, da zai sa hannu ya biya in na kasa? Na ce ina da aiki, ban taɓa riƙe haƙƙin kowa ba, kuma akwai dattijon ƙasarmu a nan da ya san ni, ya san mahaifina. Sai ya turo mini takarduna ya kira na bayana. Wallahi da ƙyar na sauko benen nan, zuciyata na tafasa. A Birni ko Zango, dattijo ɗaya ya ce ɗan gidan wane ne, an ba ka mabuɗi. Baƙo ma ba ya rasa tabarma a zaure. Na yi kewar wannan ƙwarai.

Dole na koma bayan gari, wajen Seine-Saint-Denis, inda baƙi suke da yawa. Abin da ka rage a haya hanya za ta karɓa. Katin shiga jirgi na wata, wanda ake kira Navigo, yuro 88.80 ne a 2025, wajen jika 58, tikitin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, guda kuwa yuro 2.50. Ka fito da duhu, ka koma da duhu, a tsaye, an matse ka ko numfashi da ƙyar. Amma in faɗi gaskiya, doka ta wajabta wa mai aikinka ya biya rabin katin, kuma allon tasha yana nuna maka mintin da jirgi zai iso. Kuɗin ɗaya ne ga kowa, ba ruwan na'ura da rigarka. Mu kuwa ɗan kabu-kabu sai ya kalli shaddarka da ledar hannunka a bakin Kasuwar Dole kafin ya yanka maka kuɗi.

Masu gidajen haya na gida, ku ma ina da magana da ku. A nan daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da ɗan haya, ko da ana bin sa bashi, saboda sanyi. In ka biya ka nemi rasit, dole a ba ka, kuma ƙarin haya yana da ƙa'ida a rubuce. Ku kuwa da kun ji wani ya taya da ƙari, sai ku ce za ku yi gyara, ku watsar da kayan mai iyali tsakiyar damina, alhali famfon gidan ya daɗe bai ɗiga ba, ɗan hayan ke sayen ruwa wajen ƴan ga-ruwa. Mutuncin da muke alfahari da shi ya kamata ya kai ga ɗan haya ma.

Wanda kuma ke shirin turo ɗansa karatu, kafin a sayi tikitin jirgi daga Yamai a tabbatar da inda yaron zai kwana da wanda zai sa masa hannu. Ɗakin da nake ciki yanzu mu biyu ne, kuma mai gidan bai yarda da na uku ba.