Matsirga ko Gurara: ina aka fi ganin tsuntsaye?

Malam, ka tambaya wanne ya fi dacewa ga mai son kallon tsuntsaye da namun daji in zai tashi daga Kaduna, matsirgar ruwa ta Kafanchan ko ta Gurara. Ni dai in tsuntsaye ne a ranka, Matsirga zan tura ka.

Wajen tsayi kusan kunnen doki suke, kowanne ruwansa na zubowa daga wajen mita 30. Amma Gurara, wadda ke jihar Neja, ta fi faɗi nesa ba kusa ba, ta kai wajen mita 200 in damina ta kankama. Ka bi hanyar Abuja, ka karya a mahaɗar Dikko ka ɗauki ta Minna. Ita kuwa Matsirga tana kusa da Madakiya, ta hanyar Kachiya da Zonkwa, tafiyar sama da kilomita 200 daga Kaduna, don haka sai ka shirya kwana a Kafanchan.

Abin da mutane ba sa lura da shi, gindin ruwan ba nan tsuntsaye suke ba. Rugugin ruwa yana danne kukansu, alhali mai neman tsuntsu da kunne yake fara nemansa kafin ido. A gindin ba za ka ga abin da ya wuce tsattsewa suna shawagi suna cafke ƙwari ba. Sai ka gangara ƙasa inda kogin ya lafa, inda bishiyoyi suka rufe gaɓa. Nan za ka tarar da zalɓe a tsaye cik yana dakon kifi, ga sheƙunan marai suna reto a kan reshen da ya sunkuyo bisa ruwa, namijin ya rataye da ƙafafu yana karkaɗa fukafukai a bakin sheƙar da ya saƙa.

To a nan Matsirga ta yi wa Gurara fintinkau. Ruwanta daga duwatsun Kagoro yake fitowa, kuma kurmin Kagoro da Nindam yana cikin wuraren da ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya, BirdLife, ta lissafa a matsayin muhimman matsugunan tsuntsaye a Najeriya. Kurmi ne mai duhu irin na kudu a tsakiyar ƙasar savana, shi ya sa ake haɗuwa da tsuntsayen kurmi da na fili a safiya guda. Ga cilakowa, ga wani tsuntsu mai launin shunayya wanda ba ka ganin jan fukafukansa sai ya tashi. Wallahi ganinsa kaɗai ya biya kuɗin mota.

Gurara ta fi daɗin zuwa da iyali, ga fili, ga duwatsun zama, da rani ruwan ya ja baya ya yi garau. Sai dai ranakun hutu takan cika da 'yan shaƙatawa da kiɗa, tsuntsu kuwa ba ya shiri da hayaniya. In can ka zaɓa, je ranar aiki.

Batun namun daji, kada ka sa ran manya a ko'ina cikinsu. Biri, kurege, guza yana shan hantsi a kan dutse, iyakarta ke nan.

Lokaci mafi kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da baƙin tsuntsaye daga Turai suke nan, ganye kuma ya ragu, ko da yake hazon hunturu kan rage gani. Ka fita bayan sallar asuba, don da rana ta ɗaga sukan yi tsit. Riƙe madubin hangen nesa, ka bar farar riga a gida, ka sa takalmi mai kama ƙasa saboda duwatsun suna da santsi. Ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora cikin kurmin, kuma kafin ka tashi ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, tafiyar ma ta rana za ka yi.