Kiɗan akwatin sarƙar Hajiya, da yadda waya ta nemo min shi

A ɗakin Hajiyarmu a Fagge akwai wani ɗan akwatin sarƙa mai jan karan-miski a ciki, tsarabar Makka. A gindinsa akwai mabuɗi. In kika murza sau huɗu kika ɗaga murfin, sai kiɗi ya tashi, siriri kamar ɗigar ruwa a kwanon sha. Ta gefe ana hango ɗan dunƙulen ƙarfe mai ƙaya-ƙaya yana juyawa, yana taɓa haƙoran wani abu kamar matsefi. In wanin ya kusa ƙarewa sai kiɗan ya riƙa jan ƙafa har ya tsaya a tsakiya. Ni da Yayata nan muke durƙusawa muna jiran a sake murzawa.

Akwatin ya ɓata a wajen ƙaura, Hajiya kuma ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Kiɗan ne ya zauna min a ka sama da shekara talatin, ban san sunansa ba, ban san daga ina ya fito ba.

Ranar wata Asabar ina tankaɗe ina rera shi da hanci, sai 'yata ta ce, "Umma, ki rera wa Google mana, zai gaya miki sunansa." Ashe tun watan Oktoban 2020 suka saka wannan dabara. Ga yadda ake yi: a buɗe manhajar Google, a taɓa alamar makirfo, a zaɓi neman waƙa, sai a rera na daƙiƙa 10 zuwa 15. Ba a buƙatar kalmomi, ba a buƙatar murya mai daɗi, kuma ban da data ba a biyan ko sisi. Shawarata ɗaya, a nemi wurin da ba hayaniya. Mu sai da muka bar tsakar gida saboda ƙarar janareton maƙwabta, muka shige ɗaki muka rufe taga.

Ya jero min sunaye, kowanne da kason kamanninsa da abin da na rera. Na farko shi ne Für Elise, kiɗan piyano na shahararren mai tsara kiɗa Beethoven. Na danna, hannuna duk gari, piyano ya fara. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna.

Daga baya na bi tarihinsa. An haifi Beethoven a Bonn ta ƙasar Jamus a 1770, ya rasu a Biyana ta Ostiriya a 1827. Ya tsara wannan kiɗa a 1810, lokacin da jinsa ya riga ya yi rauni, amma ba a buga shi ba sai 1867, shekara 40 bayan rasuwarsa, bayan da wani masani Ludwig Nohl ya gano takardar.

Abin da ya fi taɓa ni ba tarihin ba ne. Ashe akwatin Hajiya farkon kiɗan kawai yake maimaitawa. Cikakkensa kusan minti uku ne, kuma wancan farkon da na sani sau uku yake zuwa, tsakaninsu akwai sassa biyu da ban taɓa ji ba. Na farko mai fara'a ne, yatsu na tsalle-tsalle. Na biyun kuwa, hannun hagu ne ke dukan sauti ɗaya mai kauri ba ƙaƙƙautawa, kamar hadari ya haɗo daga gabas, sai ya lafa, kiɗan nan na ƙuruciyata ya dawo a hankali. Da ya dawo ɗin, ya fi yadda na san shi nauyi a ƙirji.

Wanda zai saurara ya zaɓi na piyano zalla, ya sa abin jin sauti a kunne. Akwai waɗanda aka cusa wa ganga da kayan zamani, sun kashe masa armashi.

Da daddare na kira Yaya a Gwammaja, ban ce mata komai ba, na kara wayar 'yata a jikin tawa. Ta yi shiru har na zaci layin ya katse. Can ta ce, "Akwatin Hajiya. Sake sa min daga farko."