Ƙofar gareji a Jidda: ta ƙarfe ko ta alminiyam?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa an shiga a sa'a. Tsakanin shatar ƙarfe, wato ƙofar gareji mai naɗewa sama, da ta alminiyam da ka tambaya, amsata ɗaya ce: ka sa alminiyam, tun da ka ce gidan naka ta wajen Abhur yake, kusa da teku. Duka biyun na yi amfani da su a garin nan, kuma da kuɗin aljihuna na san bambancinsu.

Ta ƙarfe na fara sawa, a tsohon gidanmu na kudancin gari, kafin rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tashe mu. Mai warsha, wato shagon da ake haɗa ƙofofin, ya rantse min cewa an lulluɓe ta da zinki, ba za ta taɓa yin tsatsa ba. Shekara biyu ba ta cika ba layin ƙasa, cikin fallayen nan da aka jera aka yi ƙofar da su, ya fara yin ja. Daga nan tsatsar ta bi duk inda aka huda aka ɗaura noti, ta bi gefe biyun da ke goga cikin hanyar ƙofa. Sai daga baya na fahimci dalili. Zinkin nan fata ce siririya, aikinta ta cinye kanta don ƙarfen ya tsira, kuma gishirin Bahar Maliya ba ya ɗaukar lokaci wajen cinye ta. Duk inda injin huji ko gogayya ya kankare ta, nan ɓarna take farawa. Kowace shekara sai na kira mai fenti, a kankare da burushin waya, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bi da na sama, bayan wata shida kuma ta sake kumburowa ta ƙarƙashin fentin. Haƙƙinta dai zan ba ta: ta fi araha, ta fi jure duka, kuma kowane mai walda zai iya yi mata faci. Da a Riyad ko Madina kake, inda iska take a bushe, da ban hana ka ba.

Ta alminiyam ita ce a gidan da muke ciki yanzu, kuma wallahi ban taɓa yin da-na-sani ba. Ka tuna ruwan da aka yi ranar 24 ga Nuwamban 2022, wanda ya mamaye titunan Jidda? Ruwa ya taru a ƙofar gidanmu har ya rufe layi uku na ƙasan ƙofar, ya kwana a nan da laka da duk dattin titi. Da gari ya waye hankalina ya tashi, don na tuna abin da ko ɗan yayyafi yake yi wa waccan tsohuwar. Na ɗauko tiyo ni da babban yarona muka wanke ta, muka goge da tsumma, muka bar ta a buɗe ta sha iska. Har yau ba tabo ko ɗaya a wurin. Maƙwabcina mai ta ƙarfe, kafin azumi ya zo sai da aka yanke masa layukan ƙasa aka sa sababbi.

Akwai kuma abin da ban yi tunani ba sai da na zauna da ita. Ba ta da nauyi, don haka injin da ke ɗaga ta ba ya wahala, kuma ran da wuta ta ɗauke, yaro ɗan shekara goma sha biyar ya ɗaga ta da abin juyawa na hannu, muka fitar da mota muka kai Hajiya mahaifiyata asibiti. Irin tawa mai soso ce a cikin layukan, shi ya sa ba ta ƙara. Ina fita sallar asuba ba wanda ya farka. Waccan kuwa, in ta tashi naɗewa, har layin baya sun san na fito.

Sai dai kada wani ya ce maka alminiyam ba ya son kulawa. Ba ya yin jar tsatsa, gaskiya ne, amma in gishiri ya daɗe a kansa yana fitar da farin gari da ƙananan ramuka, musamman inda fenti ya kwaile. Kuma fuskar ƙofar ce kawai alminiyam. Sandar da take naɗewa a kai, da boris, da maƙalan bango, da sifirin in irin taka mai sifirin ce, duk ƙarfe ne, suna ɓoye cikin akwatin sama inda ido ba ya kaiwa.

Babban maganin ba mai ba ne, ruwa ne. Ka lura da gilashin motarka da sassafe a watan Agusta da Satumba, za ka gan shi jiƙe sharkaf kamar an yi ruwa cikin dare. Wannan raɓar tana sauka a kan ƙofa ma, ta tarar da ƙura da gishirin da iska ta kawo, ta narkar da su, rana ta fito ta busar, gobe a maimaita. Ni sau ɗaya a wata nake wanke tawa da ruwan famfo da ɗan sabulun wanke-wanke da soso mai laushi, in ɗauraye, in goge. Kai da kake bakin ruwa, ka yi sau biyu. Kada ka saita tiyo cikin akwatin inji. Ka kuma duba inda bututun ruwan na'urar sanyaya ɗaki yake ɗiga, don gidaje da yawa a garin nan a kan ƙofar gareji yake zuba dare da rana, mai gida bai sani ba.

Maganar mai kuwa, nan na fi yin asara. Na taɓa cika hanyar ƙofa da baƙin giris irin na mota, ina ganin gata na yi mata. Cikin mako uku ƙura ta manne, ya zama kamar yashi da kwalta, ƙofar tana cijewa, injin yana kuka. Hanyar ƙofa gogewa take so da busasshen tsumma, in ya so ka ɗan fesa silikon kaɗan. Boris da sifirin su ne masu son farin giris na lithium, duk wata uku ko huɗu, shi ma ba da yawa ba. Man feshin nan WD-40 da kowa yake da shi a but ɗin mota yana da amfani wajen kwance notin da ya ci tsatsa da korar danshi, amma ba ya zama, don haka kada ka dogara da shi a matsayin mai. Robar ƙasa kuma rana ce take kashe ta. Da ka ga ta fara tsagewa ka canza, ba ta da tsada, kuma ita ce take tare ruwa da ƙura da kyankyaso.

Sifirin kada ka taɓa shi da kanka, don Allah. A ɗaure yake da ƙarfin gaske, in ya kuɓuce yana karya hannu. Yawancinsu an yi su ne don buɗewa da rufewa wajen sau 10,000. In kana yin sau huɗu a rana, kusan shekara bakwai ke nan, tsatsa kuma tana rage wannan. In ka ji wata sabuwar ƙara ko ƙofar ta fara tashi a karkace, ka dakatar da ita ka kira mai gyara.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka don na ga an cuci mutanenmu. Ka tafi warsha da ɗan maganaɗisu a aljihu. Akwai masu fesa wa siririn ƙarfe fenti mai ƙyalli su ce alminiyam ne. Ka ɗora shi a jikin layin: in ya manne, ƙarfe ne, ka kama gabanka. Ran da suka zo sawa ma ka sake gwadawa, don samfurin da ake nunawa a shago ba lallai shi ake kawowa gida ba. Ka ce a rubuta maka kaurin layin a takarda. Notuna kuma ka nace a sa na sitenles, in da hali mai lamba 316, wanda ya fi 304 jure gishiri. In aka ɗaure alminiyam da notin ƙarfe na banza, a wurin za ka fara ganin jan hawaye yana gangarowa.

Inji shi ne inda aka fi yin ha'inci. Wutar Saudiyya 60Hz ce, ba 50Hz irin ta Najeriya da Turai ba. Ka karanta takardar da ke manne a jikin injin da idonka. In 50Hz kaɗai aka rubuta, zai yi gudu fiye da yadda aka ƙera shi, kuma ba zai yi ƙarko ba. Wasu kuma tsohon inji suke tsintowa a haraj, wato kasuwar gwanjo, su wanke su sa a sabon kwali. Kada ka karɓi "kar ka damu, ni ne garantinka" da baki. A ba ka fatura, wato rasit, mai lambar haraji, tun da harajin VAT na kashi 15 ɗin nan kai za ka biya, a rubuta garantin inji daban, na fenti daban. Kuɗi kuma ka ba da rabi, sauran sai ƙofa ta hau ta sauka a gabanka, an gwada rimot biyu da abin juyawa na hannu.

Idan sun ba ka farashi, ɗauki hoton takardar injin da na gefen layin da aka yanka ka turo min kafin ka ba da ko riyal ɗaya, in sha Allahu zan duba maka.