Guile ko Cammy: tsakanin mai jira da mai afkawa a Street Fighter 6

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya shekaranjiya. Ya ce wata biyu ke nan da ya fara Street Fighter 6, wasan faɗa na bidiyo, jarumi Guile yake ɗauka, amma abokan wasansa sun ishe shi da gori, wai wasan matsorata yake yi, ya tsuguna a gefe yana ta jifa. Ga shi kuma duk da tsugunon, cinye shi ake yi. Shin ya haƙura da salon tsaro ya koma wa masu afkawa irin su Cammy da Ken, ko ya daure?

Ɗan'uwa, gorin ka bar shi ya bi iska. Wanda Sonic Boom, wato jifan Guile, ya hana shi matsowa dole ya nemi abin faɗa. Cinyewar ita ce abin dubawa, kuma kafin ka canja jarumi yana da kyau ka san abin da kowane salo yake nema a cikin filin.

Bari mu fara da lissafin lokaci, don a nan hanyoyin biyu suka rabu. Wasan yana tafiya ne a kan firem 60, wato hotuna 60 a jere, cikin daƙiƙa ɗaya. Naushi mafi sauri yana fita a firem 4, kamu kuwa a firem 5. Shi kuma ɗan Adam, daga ido ya gani zuwa yatsa ya danna, yana cin wajen rubu'in daƙiƙa, wato kusan firem 15. Ka ga ke nan idan mutum yana tsaye a gabanka ƙirji da ƙirji, babu yadda za a yi ka ga kamu ya taho ka kauce masa. Canka kawai kake yi. Amma tsalle yana ɗaukar sama da firem 40 kafin a dira, Drive Impact kuma, wato wani hari mai nauyi da kowane jarumi yake da shi, firem 26, waɗannan ido yana iya kama su. To mai tsaro so yake a yi faɗan a tazarar da ake ganin abu kafin ya iso. Mai afkawa so yake ya ja ka inda gani ba ya amfani, sai canka.

Guile an gina shi ne don tazarar farko tun daga Street Fighter II na 1991, lokacin da makamansa na musamman biyu ne kacal: Sonic Boom da Flash Kick. Dukansu sai ka riƙe madannin wani ɓangare na ɗan lokaci kafin su fita, baya don jifa, ƙasa don harbin sama. Idan ka riƙe ƙasa da baya a tare, ka ɗana duka biyun kuma kana tare duka a lokaci guda. Tsugunon da ake maka gori a kai, asalinsa ke nan. Kana jefa Boom, abokin karawa yana da zaɓi kaɗan: ya tare, ya kaɗe shi da Drive Parry, ko ya tsallake. Idan ya tsallake, Flash Kick na jiransa. Wato kai ne kake tambaya daga nesa, kuma kowace amsa da zai bayar kana ganinta tun kafin ta ƙaraso.

Cammy ba ta da abin jifa ko ɗaya. Abin da take da shi ƙafa ce, tana cikin masu saurin tafiya a wasan, ga Cannon Strike da take sauya wa tsallenta hanya da shi a sama ta faɗo kafin lokacin da ka zata, ga Spin Knuckle mai ratsa jifa. Duk wahalarta a shigowa take. Za ta sha Boom biyu, uku, wataƙila Flash Kick ɗaya, amma da zarar ta kayar da kai sau ɗaya ta tura ka bango, lissafi ya juya. Kana tashi tana kanka. Ko ta kama ka, ko ta doke ka, ko ta ɗan ja baya taku ɗaya don ka miƙa hannu kwance kamun da ba a yi ba, ta hukunta ka da cikakken kwambo. Kamu ɗaya jini 1,200 ne daga cikin 10,000 da yawancin jarumai suke da shi, kuma a bango tana iya maimaita shi. Uku a jere, ka ga fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi ba ka taɓa ta ba.

Idan ka jera su gefe da gefe, ribar mai tsaro ƙanana ce amma tana zuwa a kai a kai, kamar mai sayar da goro: Boom nan, shuri can, wanda ya yi tsalle a sauko da shi. Ribar mai afkawa a dunƙule take zuwa, sau biyu ko uku a turmi, amma kowacce babba. Kuskurensu ma haka ya bambanta. Mai tsaro yana iya yin daidai sau goma, ya yi sake sau ɗaya, ya tsinci kansa a bango. Mai afkawa yana iya yin kuskure sau biyar a hanya, matuƙar jininsa bai ƙare ba, dama ɗaya ta ishe shi ya rama. Abin da ya sa sabon ɗan wasa yake ganin kamar afkawa ta fi sauƙi ke nan, kuma a matakin farko gaskiya ne ta fi. Mutanen da kake haɗuwa da su a ƙananan matakai ba su iya sauko da mai tsalle ba, ba su san lokacin da ya zama nasu su rama ba. Duk wanda ya fi danna madanni shi ke ci. Amma wannan garaɓasar tana ƙarewa ranar da ka haɗu da wanda ya iya tarewa.

Yanzu ga inda nake zargin matsalarka take, wato ma'aunin Drive. Wannan koren ma'auni mai gida shida da ke ƙarƙashin jininka, Capcom, kamfanin da ya yi wasan, ta sa shi ne a wasan da ta fitar a watan Yunin 2023 ta yadda zaman tarewa kawai ba zai yi riba ba. Duk dukan da ka tare yana rage maka shi. Tafiya gaba kuwa tana ƙara masa saurin cikowa. Idan ya ƙare ka shiga Burnout, jaruminka ya dusashe yana haki, to ka shiga uku: babu Parry, babu Drive Impact, duk dukan da ka tare yana riƙe ka ƙarin firem 4, manyan hare-hare suna cin jininka ko da ka tare, har su iya kashe ka a haka. Idan kuma bayanka na jikin bango aka sakar maka Drive Impact, jiri ne zai kwashe ka, ka tsaya kana kallo a yi maka yadda aka ga dama.

Ni ma na sha wannan. Akwai wani yaro a gidan gem ɗin unguwarmu, bai fi shekara sha biyar ba, Ken yake bugawa. Ranar farko da muka zauna, na ɗauki Guile ina ji da kaina. Na jefa Boom, ya yi Parry ya matso taku ɗaya. Na ja baya don in sake ɗanawa. Na sake jefawa, ya sake matsowa, na sake ja. Ban ankara ba sai na ga hoton filin ya daina motsi, ashe na iso bango da ƙafata, ko taɓa ni bai yi ba, kuma agogo bai sauka daga 80 ba. Daga nan na tare, na tare, koren nan ya zube, sai na ji ƙarar Drive Impact. Yaron ko kallona bai yi ba, ya miƙa hannu ya ɗauki ruwan ledarsa da hagu yana ƙarasa ni da dama. Turmi shida muka yi a haka kafin na gane ba Ken ne yake cinye ni ba, ni nake ba shi filin kyauta.

Filin nan dukiya ce, kuma mai tsaro ya fi kowa bukatarsa. Kowane taku da ka yi baya, ka sayar da wani yanki na wurin da za ka gudu gobe. Ƙwararrun masu Guile idan ka lura da su, sukan jefa Boom mai tafiya a hankali, sannan su bi bayansa, ko da tafiya ko da Drive Rush, wato zurawa gaba da gudu, jifan ya zama musu garkuwa. Abokin karawa yana fama da tare Boom, su kuma sun ci taku uku. A hankali sai ka ga wanda ake kira matsoraci shi ne ya kai mai afkawa bango. Wanda ya taɓa kallon dambe ya san wannan: hannun da ba a naɗe ba, wanda ake miƙawa gaba, shi ke auna tazara yana hana abokin karawa sakat, naɗaɗɗen kuma yana baya yana jiran lokacinsa. Ba wanda yake cewa ɗan damben da ya miƙa garkuwa tsoro yake ji. Amma wanda ya yi ta ja da baya har ya faɗa kan 'yan kallo, wannan kam sai a yi masa dariya.

Abin da na fi so mutane su gane shi ne, salon jarumi daban, salon mai riƙe da shi daban. Dubi abin da ya faru a Evo, babbar gasar wasannin faɗa, ta 2004 a Kalifoniya, a wasan Street Fighter III: 3rd Strike. Justin Wong na Amurka, wanda aka sani da wasan haƙuri da tsaro, yana riƙe da Chun-Li, ya rage wa Daigo Umehara na Japan jini har saura ɗan ɗigo. Maimakon ya ci gaba da jan lokaci, sai ya saki babban harinta don ya ƙarasa shi, tunda ko Daigo ya tare, ɗan abin da harin ke ci zai kashe shi. Daigo, da Ken a hannunsa, ya kaɗe duka 15 ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ma a sama ya kaɗe shi, ya sauko ya gama da Justin. Kuma a wancan wasan, kaɗe duka ana yin sa ne ta danna gaba, wajen da dukan yake tahowa. Mai tsaro ya faɗi a lokacin da ya kai hari, mai jarumin afkawa ya ci da tsaro.

Sakamakon manyan gasanni na Street Fighter 6 ma bai ba ɓangare ɗaya gaskiya duka ba, ko da yake ya ɗan karkata. AngryBird ya ci Evo ta 2023 da Ken. UMA na Taiwan ya ɗauki dala miliyan ɗaya a Capcom Cup ta farkon 2024 da Juri. Punk ya ci Evo ta 2024 da Cammy. Duk waɗannan jaruman matsa lamba ne. Amma a watan Maris na 2025 a Tokyo, Kakeru ya ɗauki tasa dala miliyan ɗayan a Capcom Cup da JP, dattijon nan mai sanda da ke hana ka matsowa daga ƙarshen fili. Kuma ko Punk ɗin, duk wanda ya kalle shi ya san ba rufe ido yake yi ya afka ba. Yana yawo ne a bakin tazarar shurinka, ka miƙa ƙafa ka sami iska, ya hukunta ka. Cammy ce a allo, amma aikin na mai haƙuri ne. Don haka idan ka koma Cammy da nufin ka huta da koyon tsaro, za ka tarar da shi yana jiranka a can.

Akwai wani abu da ya shafe mu nan musamman, wato intanet. Mai tsaro da ido yake ci, kuma duk wata 'yar tangarɗa a layi daga cikin firem ɗinsa ake cirewa. Drive Impact mai firem 26 da kake iya mayarwa a gidan gem, idan kana kan wayarka ta hannu da ka mayar wayifai, abokin karawa kuma yana Turai, sai ka ga ya same ka kafin ka gan shi sosai. Mai afkawa bai damu ƙwarai ba, shi da ma canka yake sa ka. Idan yawancin wasanka a irin wannan layin ne, to gaskiya Guile zai fi ba ka wahala fiye da yadda ya kamata, kuma ba laifinka ba ne. Ka sa waya daga na'urar intanet zuwa PS ɗinka idan da hali, ka kuma duba talabijin ɗinka ka kunna masa yanayin gem, don wasu talabijin ɗin suna jinkirta hoto ba tare da ka sani ba.

Shawarata, kar ka saki Guile yanzu. Wata biyu bai isa a yanke masa hukunci ba, kuma abubuwan da zai tilasta maka ka koya, sauko da mai tsalle, auna tazara, sanin lokacin da ya zama naka, su ne waɗanda masu fara wasa da afkawa suke dawowa nema daga baya da kuka. Amma ka ɗauki Cammy ko Ken na mako ɗaya a gefe. Ka ji yadda Boom yake cin rai idan kai ake jefa wa, ka lura da lokacin da zuciyarka take cewa ka yi tsalle. Wannan lokacin shi ne wanda za ka riƙa jira idan ka dawo gida.

Kafin nan, ga aikin da za ka yi a daren yau. Buɗe maimaicin wasanninka uku na ƙarshe da aka cinye ka, wasan yana ajiye su. Kar ka kalli jini. Ka kalli agogo kawai, ka rubuta daƙiƙar da bayanka ya fara taɓa bango a kowane turmi, sannan ka duba ko tura ka aka yi ko da ƙafarka ka je. Ka kawo mana lambobin nan mu gani.