Manhajar saita gita ta tsinka mini tsirkiya a tsakiyar biki

Wata huɗu ke nan da na sauke wannan manhaja a salulata, kuma da a makon farko aka tambaye ni, da na ce duk mai gita ya sauke ta. A ɗakina na Zango, bayan isha'i in gari ya yi tsit, sai in ɗora wayar bisa gwiwa in kaɗa tsirkiyoyin shida ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunan sautinta: mi, la, re, sol, si, mi. Allurar da ke fuskar wayar ta karkata hagu in ƙara ɗaurewa, ta yi dama in sassauta, ta tsaya tsakiya ta yi kore shi ke nan.  Da zafin Damagaram, da gita ba ta kwana yadda ka bar ta, ta yi mini rana ƙwarai.

Sai ranar bikin ƙanwar abokina a Birni, ba nisa da fadar Sarki. Gitar ta sha rana a bayan kabu-kabu, dole in sake saiti kafin mu fara. Masu kalangu na gefe, janareta na ruri, mata na rangaɗa guɗa. Ita kuwa manhajar da makirfon waya take ji, ba ta rarrabe tsirkiyata da hayaniyar mutane. Ina kaɗa si, ita ta ɗauka ƙaramar mi ce, tsirkiyar ƙarshe da sautinta ya fi na si tashi, tana ta nuna mini in ƙara. Kunnena ya gaya mini sautin ya wuce wurinsa, yatsana ma ya ji tsirkiyar ta yi tauri, amma na bi allura. Tas! Ta tsinke, ta zane ni a bayan hannu. Ba ni da ta canji. Da tsirkiya biyar na yi wasan a gaban dangin amarya, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Sai da na jira kwana tara kafin wani direba ya kawo mini sabbi daga Kano.

Daga baya na gane ana iya zaɓar tsirkiya da hannu maimakon a bar ta ta yi hasashe. Tun da na koma haka ba ta sake ruɗe ni ba, har na fara hucewa. To amma me ya sa aka ɓoye wannan can cikin saituna? Ga talla da ke rufe fuskar waya kana tsakiyar murɗa kunnen gita, tana cinye maka ɗan intanet ɗin da ka saya.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne gurmin kawuna. Na so in gwada a kansa, sai ta ce sashen da ke jin kowane sauti na kuɗi ne, kuma da katin banki. Kawu ya karɓi abinsa, ya ɗan yi waƙa ƙasa-ƙasa, ya matsar da ɗaurin fatar da ke wuyan gurmin da babban yatsa, ya ce, "Yaro, muryata yake bi." Kafin tallar ta ƙare ya gama.

Ban goge ta ba tukuna. A ɗaki nake buɗe ta, wurin biki kuwa sai na tsallake bayan katanga, da tsirkiyar canji a aljihu.