ZFS ko ka ci gaba da ext4? Ni dai ga abin da na gani

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka koma ZFS ko ka ci gaba da ext4, wato tsare-tsare biyu na ajiye fayiloli a faifan kwamfuta, saboda kurakuran da ke ta fitowa a sabarka (server). Tunda sau uku ke nan fsck, manhajar dubawa da gyara ext4, yana gyarawa abin yana dawowa, ciwon ba a ext4 yake ba, a ƙarƙashinsa yake: ko faifai, ko wayar SATA, ko RAM, ko wuta. Kada ka sake kunna fsck ɗin sai ka kwashe kayanka da ddrescue, manhajar kwafe faifai mai matsala, zuwa wani faifan, domin kowane gyara rubutu ne a kan faifan da wataƙila ya kusa mutuwa.

ZFS nake da shi a shagonmu na Agege, inda muke ajiye hotuna da bidiyon bikin mutane, faifai huɗu a RAIDZ2, tsarin da ko biyu sun mutu bayanai ba sa ɓacewa. Wata safiya bayan scrub, wato binciken da ZFS ke yi wa duk bayanan, na buga zpool status don ganin lafiyar faifan, sai na ga layin faifai ɗaya cike da kurakurai, sauran ukun sifili. Gabana ya faɗi, don bidiyon wani ɗaurin aure na ciki, uwar amarya kuma sai kira take. Ashe ZFS ya riga ya gyara daga sauran faifan, ko hoto ɗaya bai ɓaci ba. Na duba da smartctl, manhajar da ke karanta rahoton lafiyar faifai, lamba 199 ce ke hawa, wadda ke nuna matsalar waya, lamba 5 da 197 kuwa, masu nuna lalacewar faifan kansa, lafiya lau. Na canja waya da kuɗin da bai kai na tsire ba, shi ke nan. Sirrin ZFS shi ne kowane guntun bayani yana da lambar tantancewa, kuma ba ya rubutu a kan tsohon bayani, sai ya ajiye sabon a wani wuri sannan ya koma amfani da sabon. Shi ya sa ɗaukewar wutarmu ta Legas ba ta cika rikita shi ba.

ext4 kuwa, to, yana da sauri, ba ya cin RAM. Amma ba ya tantance abin da ke cikin fayil, kuma ni ya taɓa zuba mini aikin wata guda a lost+found, inda fsck ke tara fayilolin da ya tsinto, babu suna sai lambobi. Katin RAID (na haɗa faifai da yawa su yi aiki tare) mai mataccen batir ne ya jawo, sayayyar da har yau nake da-na-saninta.

Ba ka tambaya ba, amma in za ka shiga kasuwar Computer Village a Ikeja, ka buɗe ido. Akwai masu sayar da faifan da ya sha shekaru yana aiki, a goge masa lissafin awoyi, a manna sabuwar takarda, a rantse maka daga kwali aka ciro shi. Ka duba lambar jikinsa a shafin garantin kamfanin tun kana tsaye a wurin, ka kuma yi sharaɗin mayarwa in ya faɗi dogon gwajin smartctl. Ka tabbatar faifan irin CMR ne, mai rubutu layi-layi; irin SMR, mai ɗora layi kan layi, zai sa ka kwana kana jiran resilver, wato sake cika faifan da aka canja da bayanai.

Ka ɗauki ZFS a kan TrueNAS, manhajar sabar ajiye fayiloli, RAM kada ya gaza 8GB, faifan su shiga kai tsaye ba ta katin RAID ba. Ka bar memtest86+ ya kwana yana gwada RAM tukuna, don ZFS ba ya maganin RAM mai ƙarya. UPS ɗin kuma, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ka haɗa shi da sabar ta USB, ta kashe kanta kafin batir ya ƙare in janareta ya ƙi tashi.