Hattara da mai sayar da tsofaffin Kombi da batirin yaudara a Sakkwato

Jama'ar Sakkwato da kewaye, akwai wani dillalin tsofaffin motoci da ke yawo tsakanin Kwannawa da hanyar Illela, yana tallata hajarsa a Facebook da WhatsApp. Ya cuci kawuna, kuma daga baya na ji ba shi kaɗai ba ne. Ba zan kama suna ba, tunda maganar tana hannun manya, amma zan faɗi yadda yake yi.

Kawu ya daɗe yana begen Volkswagen Kombi mai gilashin gaba rabe biyu, irin wadda ya koyi tuƙi da ita yana saurayi. Da aka nuna masa hotonta, ko barcin kirki bai yi ba. Muka je da hantsi, don dillalin ya ce shi ba ya nuna mota da yamma. Ya murza makulli, kik ɗaya ta tashi da ƙarfi kamar sabuwa. Kawu ya tambaye shi wutarta, ya ce, "Alhaji, wagga mota sha biyu ta, an daɗe da maishe ta. Ga batir nan sabo, duba da idonka." Muka leƙa gefen injin a baya, batir mai bolt 12 ne kuwa. Aka yi ciniki, aka biya har da la'ada.

Daren farko, muna dawowa daga Mabera, Kawu ya kunna fitila. Ta yi wani haske fari fat, sai ɗif, duka biyun suka mutu. Kwana biyu bayan haka batir ya sauka, koyil, wato mai ba fulogi wuta, kuma ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Da muka kira dillalin, sai ya tura mu wurin wani rewaya "nasa", wanda ya karɓi kuɗi masu kauri da sunan gyaran waya, ya canja ƙwayayen fitila kawai, ya caja batir ya mayar. Ashe bakinsu ɗaya.

Wani tsohon rewaya a Tudun Wada ne ya buɗe mana ido. Ko waya ɗaya bai taɓa ba, sai da ya ciro ƙwan fitilar lamba da bai ƙone ba saboda wayarsa a tsinke take, ya goge gindinsa da yatsa, ya miƙa wa Kawu. An rubuta 6V ɓaro-ɓaro. Ya ce, "Alhaji, motarka shida ta. Batir kaɗai aka sauya."

Ga inda dabarar take. Kombi ƙirar Jamus masu gilashi rabe biyu, waɗanda aka fara ƙerawa a 1950, da wuta mai bolt 6 suka fito, sai a ƙirar 1967 kamfanin ya koma bolt 12. Mota mai shida idan ta tsufa, wayoyi sun yi tsatsa, kik ɗinta yakan yi nauyi, yana ja kamar mai ciwon baya. Idan aka ɗora mata batir mai sha biyu, kik ya samu ninkin abin da aka yi shi dominsa, sai ya riƙa juyawa da gudu. Mai saye ya ji wannan ƙara ya ɗauka lafiya ce. Amma dinamonta, wato mai cajin batir, bolt bakwai da 'yan kai yake iya bayarwa, batir mai sha biyu kuwa sai an ba shi kusan 14 kafin ya ci caji. Don haka tun daga ranar da ka saya kana cin abin da ke cikin batir ne kawai, ƙwayayen fitila suna ƙonewa, koyil yana dahuwa, injin waifa yana gudu kamar zai tsinke. Shi ya sa ba ya nuna mota idan rana ta yi sanyi, don kada a ce ya kunna fitila.

Wanda zai sayi irin wannan mota kada ya tsaya kan batir, domin minti biyar ya isa a canja shi. Batirin yana faɗin kansa ne kawai: mai shida murfin ruwa uku gare shi, mai sha biyu murfi shida, kowane gida bolt biyu da ɗan ɗori. A ciro ƙwan fitila daga wurin da ba a cika taɓawa ba, kamar na cikin mita ko na lamba, a karanta gindinsa. A duba rubutun jikin koyil, da na dinamo, da na kat-awut, wato mai daidaita wutar dinamo. Sannan a je da rewayanka na kanka da mitarsa ta auna wuta. A kashe, batir mai sha biyu da ya cika yakan nuna kamar 12.6. A tada mota a ɗan taka totur: idan da gaske an mayar da ita sha biyu, lambar za ta hau zuwa wajen 14. Idan ta tsaya cik ko ta fara sauka, babu caji. Kuma a ce ya kunna fitila, da sigina, da waifa, da hon a gabanka, ko da rana tsaka ce. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Abu ɗaya da zan yi wa masu gyara adalci a kai: ganin kik mai shida a motar da aka mayar sha biyu ba lallai ha'inci ba ne. Filawil, wato faifan injin da kik ke kamawa ya juya, na mai shida haƙora 109 gare shi, na sha biyu 130, kik ɗin wannan ba ya shiga na wancan, don haka da yawa sukan bar tsohon kik idan ba za su sauke inji ba. Amma dinamo da kat-awut da koyil da ƙwayaye, waɗannan dole a canja su.

Abin da ya fi ƙona min rai, mota mai bolt 6 ba aibi ba ce. Da ya faɗi gaskiya, da Kawu ya saya a hakanta ya nemi batirinta, ko ya rage kuɗi ya yi gyaran da ya dace. Yanzu ga dinamo a ƙone, ga haƙoran filawil sun fara cinyewa saboda dukan kik.

Lambar da muka saba kiransa da ita a kashe take tun makon jiya. Amma shekaranjiya na ga an sa hoton wata Kombi shuɗiya da sabuwar lamba, an rubuta "wuta sha biyu, kik ɗaya", kuma bangon da ke bayan motar shi ne dai wanda muka tsaya a gabansa ranar ciniki.